Karatun Likita a Ƙasar Waje: Abin da Na Gani a Jazirar Sudan

(Laccar da aka gabatar a gaban ɗaliban fannonin kiwon lafiya da iyayensu)

 

Masu shirya wannan taro sun nemi in yi magana a kan karatun likita a ƙasar waje, tunda a can na yi nawa. Na san abin da ya sa batun ya dame su. Hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, wato MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma guraben ba su isa ba. Yaro zai ci jarrabawa da maki mai kyau, a tura shi wani kwas da bai taɓa mafarkinsa ba. Sai uba ya sayar da gona ko fili, ko gwamnatin jiha ta ɗauki nauyi, a tura shi Sudan ko Masar ko Indiya ko Sin ko Rasha. Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce, "Likita, wace ƙasa ta fi?" Ni kuwa da za a bi tawa, da tambayar ta zama: a wane asibiti yaron zai tsaya, akwai marasa lafiya a kwance a ciki, za a bar shi ya taɓa su, kuma da wane harshe zai tambaye su inda ke musu ciwo? A kan wannan zan tsaya yau.

Tun zamanin magabata haka ake koyon wannan sana'a. An ruwaito cewa Abubakar al-Razi, babban likitan da ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza kuma ya rasu a wajajen shekarar 925, yakan zauna ɗalibai kewaye da shi sahu-sahu. Idan mara lafiya ya zo, ƙananan ɗalibai ne za su fara sauraron kukansa. In abin ya fi ƙarfinsu a miƙa shi ga na gaba da su, sai kowa ya gaza sannan malam ya sa baki. Duk wanda ya taɓa bin babban likita zagayen safe a asibitin koyarwa zai gane wannan tsari, domin har gobe shi ake bi. An samu na'urori, an samu magunguna, amma wurin koyon yana nan inda yake, a bakin gadon mara lafiya.

Ni Allah Ya kai ni Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a gaɓar Shuɗin Nilu, ƙasa da kilomita 200 daga Khartum. Yanki ne na noman rani. Tun 1925, da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka yanka magudanan ruwa a cikin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa don noman auduga, kuma ruwan da ya kawo arziki shi ya kawo sauro da tsargiya. A nan aka kafa Jami'ar Jazira a 1975. Makarantar likitanta ta yi suna ne saboda ta ƙi bin tsohon tsarin da ake tsare ɗalibi shekaru a ɗakin lacca da ɗakin gawa kafin ya ga mai rai. Tun da wuri ake fitar da ɗalibi ƙauye. Za ka shiga gidajen mutane, ka ga inda suke ɗiban ruwa, ka ga inda yara ke wanka, ka ƙirga waɗanda aka yi wa rigakafi da waɗanda ba a yi wa ba. Daga baya kuma a kai ka asibitin karkara ka zauna tare da likitan da ke riƙe da shi. Jami'ar Ilorin ma tana da tsari mai kama da wannan, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A lokacin, mu ɗalibai mun ɗauki fitar ƙauyen nan a matsayin wahala. Ga rana, ga ƙura, ga littafi na jiran mutum. Amma yaron da ka gani yana iyo a magudanar ruwa da hantsi, shi ne za a kawo maka yana fitsarin jini, kuma in ka ba shi maganin tsargiya ka sallame shi, gobe ruwan nan zai koma. Wanda bai je ƙauyen ba zai rubuta magani daidai, ya yi ta mamakin abin da ke dawo da yaron.

Yanzu batun harshe, wanda a nan nake so in ɗan jima. Da yawa cikinmu mun tafi Sudan da Larabcin Islamiyya, muna jin mun iya. Ranar farko a ɗakin marasa lafiya za ka gane Larabcin littafi daban, na tsohuwar da ta zo daga ƙauye da ciwon ciki daban. In ka yi mata tambaya da Larabcin huɗuba, za ta dube ka da girmamawa, ta juya ta tambayi jikanta me ka ce. Malamanmu suna yawan nanata cewa mafi yawan cututtuka daga bakin mara lafiya ake gano su, kafin a taɓa shi, kafin a aika jininsa ɗakin gwaji. Yaushe ciwon ya fara, ina ya fara, yana tafiya ko yana tsaye wuri ɗaya, me ke tayar da shi, me aka sha a gida kafin a zo. Ɗalibin da ba ya jin harshen mutanen zai tsaya a bayan layi yana kallon bakin malami, in an fito ya tambayi abokinsa abin da aka ce. Yana iya cin jarrabawar rubutu da kyau, amma karatunsa kamar na mai koyon iyo ne a kan tabarma.

Mu abin da ya cece mu shi ne Larabcin titi ba shi da nisa da wanda muka zo da shi, kuma mutanen Sudan ba sa ƙyashin koya wa baƙo. A wurin masu sayar da shayi a bakin asibiti, da cikin keken raksha, da wurin cin wake da burodi da hantsi, a nan harshen ya zauna mana. Ku kwatanta da wanda ya tafi ƙasar da ake yi masa lacca da Turanci amma marasa lafiya Sinanci ko Rashanci kaɗai suke ji. Ba na cewa ba a fita da ilimi daga can. Na yi aiki da waɗanda suka dage suka koyi harshen, suka dawo ƙwararru. Amma wanda ya zauna cikin 'yan ƙasarsu, daga aji sai ɗaki, shekarun asibitinsa sun tafi a kallo. Don haka duk dillalin da ya ce muku "ai da Turanci ake komai," ku tambaye shi ko marasa lafiyan ma da Turanci suke ciwo.

Akwai kuma wani abin da Sudan ta ba ni wanda ban yi zato ba. Wata rana a ɗakin mata, ana ta fama da wata dattijuwa da aka kawo daga wajen Sinnar. Larabcinta kaɗan ne, 'yar rakiyarta kuma ta fita. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana cewa "Wayyo Allah, cikina." Na matsa na ce, "Sannu Iya, ina ke miki ciwo?" Ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗan nan, kai ɗan wane ne?" Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanninta ne suka taso. Kun san bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta rage, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ban da su akwai dubban alhazan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka suka zama 'yan ƙasa, a Jazira da Gadarif da Kasala da sauran wurare. Daga ranar, in aka samu mai jin Hausa a ɗakin, ni ake nema. Ta wannan hanya na zauna da marasa lafiya fiye da yadda jadawali ya ba ni, kuma na ji abubuwan da ba sa faɗa wa babban likita: sassaƙen da aka sha, ƙahon da aka yi, kuɗin da ya ƙare.

Cututtukan da ɗalibi ya gani da idonsa su ne ke zama a kansa. Bari in ba ku misali biyu. Na farko wata cuta ce da ake kira maisetoma ko madura. Manomi ko makiyayi ne zai taka ƙaya ba takalmi, ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa ta shiga. Sai wani ɗan kumburi ya fito a ƙafa, ba zafi, ba zazzaɓi, don haka ba wanda zai kula. Ana nan shekara ɗaya, biyu, biyar, ƙafar ta kumbura ta huhhuje, tana fitar da ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi, sau da yawa baƙaƙe. Lokacin da zai iso asibiti cutar ta ci ƙashi, sai yankewa. Sudan na cikin ƙasashen da suka fi fama da ita a duniya, shi ya sa aka kafa cibiyar bincike a kanta a asibitin Soba na Jami'ar Khartum a 1991, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, kuma sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A littafin da muke karantawa, wanda aka rubuta a Ingila, 'yan layuka aka ba ta. A asibiti kuwa ga ta a gabanka. Kuma cutar tana nan a yankinmu na Sahel, a Nijar da arewacin Najeriya. Wanda ya taɓa ganin ƙwayoyin nan sau ɗaya ba zai sake ɗaukar irin wannan ƙafa a matsayin gyambo ba.

Na biyu ita ce kala-azar, wadda ta yi katutu a Gadarif, inda ƙasa baƙa ce mai tsagewa da rani, ga itatuwan aduwa da dushe. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke yaɗa ta. Yaro zai yi zazzaɓi fiye da mako biyu, an ba shi maganin cizon sauro bai ji ba, yana ramewa, saifarsa ta kumbura har ta gangaro wajen cibiya. In ba a yi magani ba, yawanci mutuwa ce. In an gano, allurai iri biyu ne a haɗe na kwana 17. A kan cikin irin waɗannan yara aka koya mana taɓa saifa: ka ɗumama hannunka, ka fara daga ƙasan cikin ta dama, ka ce ya ja numfashi, ka jira bakin saifar ya zo ya taɓa yatsunka. Ba bidiyon da zai koya wa yatsa wannan.

To ku juya ku dubi abin da ke jiran ku a gida. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Ba ƙasar da ta kai mu yawan jariran da ake haifa da sikila. Ga sanƙarau da zafi, ga zazzaɓin Lassa, ga jijjigar masu ciki, ga yoyon fitsari, ga tamowa, ga saran kububuwa da ya sa aka san asibitin Kaltungo, ga cutar noma mai cin fuskar yara da aka keɓe wa asibiti a Sakkwato. Ɗalibin da ya yi karatu a ƙasar sanyi yana iya gamawa bai taɓa ganin yaron da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ba, bai taɓa ganin mai sikila yana birgima don ciwon ƙashi ba. Ba laifinsa ba ne, cututtukan ne babu su a can. Amma ranar da zai kwana aiki shi kaɗai a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, aka shigo da mai ciki tana jijjiga da ƙarfe biyun dare, ba wanda zai tambaye shi sunan jami'arsa. Shawarata ga duk wanda ke karatu a irin waɗannan ƙasashe ita ce, kowane dogon hutu ya dawo gida ya nemi izini a wani asibitin koyarwa ko babban asibiti, ya sa farar riga ya bi zagaye. Hutun ba na yawon gaishe-gaishe ba ne kawai.

Sai dai in ja kunne ta ɗaya gefen. Inda likitoci suka yi kaɗan, marasa lafiya suka yi yawa, ana iya sakar wa ɗalibi abin da bai kai ba. Na gani a can, na gani a nan, har da ɗaliban Turai da ke zuwa Afirka na 'yan makonni su yi abin da ba za a taɓa bari su yi a ƙasarsu ba. Talaka ba ya musu, duk wanda ya gani da farar riga likita ne a wurinsa. Wannan amana ce. Ka gaya masa kai ɗalibi ne, ka nemi izininsa kafin ka taɓa shi, musamman mata. Abin da ba ka taɓa yi ba, kada ka fara sai da na gaba da kai a tsaye. Hoton mara lafiya kuwa, a ɗauka a sa a Facebook ko a zagaya da shi a WhatsApp don a san kana asibiti, cin mutunci ne, ko da an rufe idanunsa.

Ku kuma kula da jikinku. Kafin ka fara shiga ɗakin marasa lafiya, a gida ko a waje, ka tabbatar ka kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida. In allurar da aka yi wa mai ɗauke da wannan cuta ta soke ka, haɗarin kamuwa yana iya kai wa kashi 30 cikin 100, alhali na cutar ƙanjamau bai wuce kusan uku cikin dubu ba. Ɗalibai sun fi tsoron ƙanjamau, amma ciwon hantar ne ya fi kusa da su. In kuma tsautsayin ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a sanar nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kunya ba ta da wuri a nan. Katin rigakafin shawara ma kada a saya a hannun 'yan bakin filin jirgi, a je a yi allurar.

Zaman baƙunta kuwa, kowa da yadda zai same shi. Akwai kewar gida, akwai watan da kuɗi ba su iso ba saboda canji ya tashi, akwai guguwar ƙura da ke mai da rana dare. Amma ba zan manta mutanen ƙauyukan hanyar Khartum zuwa Madani ba, waɗanda in magariba ta kusa a watan azumi suke fitowa su tare motoci a kan titi, su rantse sai matafiya sun sauko sun sha ruwa da su a kan tabarma. Allah Ya mayar musu da zaman lafiya.

Na yi wannan addu'a ne don kun san abin da ya faru. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Ɗalibanmu da yawa, mafi yawansu 'yan arewa, suka tsinci kansu a cikin motocin bas zuwa iyakar Masar, inda suka kwashe kwanaki a sahara kafin a bar su su ƙetara, wasu kuma ta Port Sudan aka kwaso su. A farkon watan Mayu jiragen farko suka sauka Abuja. A Disamban shekarar Wad Madani ma ta faɗa hannun RSF, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Kafin wannan, a Fabrairun 2022, 'yan'uwansu da ke Yukren sun ga irin haka, har wasu suka maƙale a birnin Sumy na makonni. Wasu makarantun Yukren suka koma koyarwa ta intanet, MDCN kuma ta fito fili a shekarar ta ce ba ta amince da karatun likitan da aka yi ta intanet ba. Mutane sun yi ta ƙorafi, ni ma na tausaya wa yaran, amma a ganina hukumar ta yi daidai. Abin da ya fi cutar da da yawa daga waɗanda suka dawo shi ne rashin takarda: yaro ya kai aji huɗu ko biyar, ba shi da shaidar sakamakon ko shekara ɗaya a hannunsa, ofishin da zai ba shi kuma a rufe yake. Saboda haka duk ƙarshen shekara ɗalibi ya karɓi sakamakonsa mai hatimi, ya ɗauki hotonsa ya aiko gida. Littafin da malamai ke sa hannu a kan ayyukan da ya yi a asibiti ma haka. Fasfo ya kasance a hannunsa, kuma ofishin jakadancin Najeriya ya san da zamansa.

Dawowa da takardar digiri ba ta ba mutum damar taɓa mara lafiya a Najeriya. Wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta MDCN, wadda ta haɗa da rubutu da gwajin aiki. In ya ci a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki yana zagaya sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Sannan bautar ƙasa. Masu karatun jinya da unguwarzoma da haɗa magunguna su ma hukumominsu suna da nasu horon da jarrabawa ga wanda ya dawo daga waje. Na sha zama da waɗanda jarrabawar ta kayar. Da wuya ka samu wanda bai san littafi ba. Inda suke tuntuɓe shi ne a ce ga mara lafiya, yi masa tambayoyi, duba shi, gaya mana abin da ka samu.

Don haka iyayena, kafin a sayar da gonar nan, a duba ko sunan makarantar yana cikin kundin makarantun likita na duniya, a kuma tuntuɓi MDCN kai tsaye a ji matsayinta. A nemi wanda ya gama a can ya dawo ya ci jarrabawa, a zauna da shi, kada a tsaya ga takardar talla mai hoton gini. A tambaye shi ko makarantar tana da asibitinta na koyarwa ko aro take yi, ɗalibai nawa ke kewaye gado ɗaya, ko ya taɓa karɓar haihuwa da hannunsa, ko ya taɓa sa wa yaro allurar ƙarin ruwa. Gwamnatocin jihohi da ke tura ɗalibai, ina roƙonsu su aika likita ya je ya ga asibitin kafin a sa hannu a yarjejeniya, su kuma biya kuɗin makaranta a kan lokaci, don ɗalibin da aka hana shiga asibiti saboda bashi, watannin da ya rasa ba sa dawowa. Malamaina na asibitocin koyarwa kuma, in yaran nan suka zo hutu suna neman a bar su su bi zagaye, a buɗe musu ƙofa, domin ƙarshenta iyayenmu da 'ya'yanmu za su duba.